Ƙofar Ɗakin Ƙarshe

A bencin tashar mota, wani matafiyi yana sosa wuya yana yi wa dattijon da ke gefensa ƙorafi.

"Baba, kada ka kuskura ka sauka otal ɗin bayan tashar nan. Kuɗin-cizo sun shanye mini jini."

"Amma da araha, ɗana."

"Arahar banza! Ƙofar ma ba ta kulluwa, da kujera na tokare ta."

"Ɗakin ƙarshe ko? Ɗaga ta ake yi kaɗan kafin a murɗa makulli."

"Au, kai ma ka taɓa kwana?"

"Mahaifinmu ya gina shi. Da yana raye, da kansa yake shinshina zannuwan gado. Yanzu mu magada, kowa na jiran wani ya gyara."

"Yi haƙuri, Baba, ban sani ba."

"Ba komai. Ni ma jiya gidan aboki na kwana."