Layin da Mai Tsani Ya Jawo wa Ɗakin Keɓewa

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai. Shugaban hukumar gudanarwar wannan asibiti, ranka ya daɗe. Babban darakta, manyan likitoci, 'yan'uwana ma'aikatan jinya, 'yan sashen na'ura da sauran ma'aikata, sannunku da zuwa. Mama, mahaifiyar marigayi, Allah ya ƙara miki haƙuri. Maiɗakinsa, 'ya'yansa da ƙannensa, muna gaishe ku, muna yi muku ta'aziyya, muna kuma yi wa kanmu.

Da aka ce ni zan yi magana da yawun ma'aikata, cewa na yi, to, an rasa wanda za a zaɓa sai wadda ta fi kowa yi masa faɗa? Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce shugabar jinya ta ɗakin keɓewa, tsohon ginin nan na can ƙurya, inda masu tarin fuka mai wuyar magani ke kwance wata da watanni. Ni ban san waya ba, shi bai san allura ba, amma aiki ya haɗa mu shekara da shekaru, kuma rasuwarsa ta taɓa ni sosai.

Ya kasance babban injiniyan sadarwarmu, amma ba wanda ke kiransa haka. Mai Tsani muke ce masa, don ba ka ganinsa sai da tsani a kafaɗa, kansa duk ƙurar silin. Ya kasance mai sanyin hali har abin ya riƙa ba ni haushi. Sai in kira shi ina zazzaga masifa kwamfuta ta tsaya, shi kuwa ya ce, "Sista, kin dai karya kumallo ko?" Ya kasance ba ya raina tambaya, ko ta mai shara ce.

Wata rana ya zo ya kafa sabon akwati a bangon ɗakinmu, irin wanda wayoyi ke haɗuwa a cikinsa, suwic suke ce masa. Ya jona, ya sauko, ya harɗe hannu yana kallo. Na ce, "Mai Tsani, aikin ke nan? Tsayuwa ake biyan ka?" Ya ce, "Bari su gaisa tukuna."

Na ce su wa? Sai ya jawo kujera. Ya ce, "Sista, wayar da kike gani ɗaya ce, amma layuka ne da yawa a cikinta. Bayanan marasa lafiya da layinsu, ofishin kuɗi da nasa, kyamarori da nasu, ba mai leƙa na wani." Su a bakinsu VLAN suke cewa, ni dai layi na riƙe. Ya ce, "Da can, duk layin da aka ƙirƙiro sai na bi gini-gini ina rubuta wa kowane suwic da hannu, in na manta guda ke ce farkon mai kira na. Yanzu na saita su suna faɗa wa juna. Wannan ya ce wa maƙwabcinsa ina da layi kaza, maƙwabcin ya karɓa ya rubuta, ya faɗa wa na gaba, har maganar ta iso bangonki." Na ce, "Ashe tsegumi ka koya musu." Ya yi dariya har ya riƙe tsanin, ya ce shi dai gwiwoyinsa sun huta.

To, ga abin da ya sa na yarda na tsaya nan. Ɗakinmu katangarsa kauri gare ta, sabis ɗin waya ba ya shiga. Masu ziyara ba sa wuce ƙofa, yara kuwa ko kusa. Mutum ya yi watanni bai ga fuskar nasa ba, sai ka ga ya juya wa bango fuska, ya fara ƙin magani. Mai Tsani ya ga haka da idonsa. Ya nemi a yi wa majinyata layi nasu daban, wanda ba ya kusantar bayanan asibiti, don su riƙa kiran gida suna ganin juna. Aka ce ya gwada a gani, maganar sa shi a babban suwic na asibiti kuwa sai hukuma ta zauna. Sai ya ɗauko wani ƙaramin suwic nasa na kansa, ya ajiye a ƙarƙashin teburinsa, ya rubuta layin a ciki, ya haɗa shi da intanet. Sauran suwic ɗin suka ji, suka karɓa, layi ya ratsa gine-gine ya iso mana. Gwajin nan muka yi ta cin moriyarsa har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwarsa babban ɗansa ya zo ya kwashe kayan ofis, kamar yadda ya kamata. Ranar layin majinyata ya ɗauke. Abokiyar aikinsa, injiniyar da ke zaune can gefe, ta bi sawu ta zo ta same ni idonta jawur. Ta ce, "Sista, layin da suwic ya ji daga bakin maƙwabci ba nasa ba ne, sai ana nanata masa yake riƙewa. In mai faɗa ya yi shiru, sukan ɗan saurara, daga nan kowa ya share. Sauran layukan a babban suwic suke, shi ya sa suna nan. Wannan kuwa, akwatin da ke ƙarƙashin teburinsa ne kaɗai ke faɗar sa."

Ɗana, ɗago kanka. Ba ka yi laifin komai ba, kayan mahaifinka ka ɗauka, mu ma da muke nan ba mu sani ba. Ka riƙe akwatin nan, naka ne. 'Yar'uwata, maiɗakinsa, kin sha yi min ƙorafi cewa mijinki ya fi sanin silin asibiti a kan rufin gidansa. Gaskiyarki, kuma mu muka ci moriyar haƙurinki. Mama, kin haifi ɗa nagari, duk wanda ke ɗakin nan shaida ne.

A gado na ƙarshe, gefen taga, akwai wata mata. Ta shigo mana ta bar jaririya tana rarrafe a hannun miji. Kullum da hantsi sai ta jingina wayarta da kofi, a nuna mata 'yar, sannan ta haɗiye maganinta. Tun da layi ya ɗauke sai da lallashi take sha, ni kuwa lallashina ya kusa ƙarewa. Likitoci sun san abin da katse wannan magani ke jawowa, ba sai na faɗa ba.

Ranka ya daɗe, na san ba a roƙo a wurin makoki, amma na tsufa da jin kunya. Injiniya ta ce aikin bai kai shan shayi ba, izini kawai take jira ta rubuta layin a babban suwic, ya daina dogara da teburin kowa. Na ga ka gyaɗa kai. Darakta, kai ma haka? Madalla, jama'a kun gani. Injiniya, tashi ki tafi, za mu yi addu'ar har da rabonki.

Jiya mijin matar nan ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce yarinyar ta fara tafiya. Ya ce kada in faɗa mata, yana so ta gani da idonta. Na riƙe masa amana, ga shi yau na faɗa wa asibiti guda ban da ita.

Muna godiya ga hukuma, da waɗanda suka shirya taron nan, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Ya Allah ka jiƙan bawanka, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka makwancinsa. Ka ba mahaifiyarsa da iyalinsa juriya, ka raya abin da ya bari. Ka ba majinyatanmu lafiya. Ka sa kafin a gama kwashe kujerun nan, uwar nan ta ga 'yarta a tsaye da ƙafafunta. Amin.