Matar da Aka Zana a Bayan Motar Tumatir

Salamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni ce Hajara mai tuwo, daga bakin titin Kura.

Akwai wani mai zanen motoci da ya sauka garinmu da ranin nan. Rannan na tarar da shi yana wanke kayan fentinsa a magudanar noman rani, daidai inda muke ɗiban ruwan girki. Na kore shi, kuma ban rage murya ba.

Bayan sati biyu sai ga motar tumatir ta tsaya gaban rumfata. A bayanta an zana wata muguwar mata mai jajayen idanu, tana tuƙa tukunya cike da kawunan maza. Ga tsagen fuskata, ga wushiryata, har da muciyata! Yanzu direbobi sai su leƙa tukunyata, su yi dariya, su wuce rumfar gaba.

Wai shi nan namiji ne. An yi masa faɗa ido da ido ya kasa buɗe baki, sai ya je ya rama a jikin katako. Hannun ma yatsa shida ya yi mini.

Masu sauraro, in kai shi gaban mai gari ne, ko in bar damina ta wanke abin? Na dai san fentinsa yana bin ruwa, don a miyarmu muka fara ganinsa.