Batirin Firjin Allura

A shagon kayan mota a garin Mariental na Namibiya, Annelie na saɓe da ɗanta sai wani dattijo ya leƙa batirin da ta zaɓa, ya dubi tirelar kwanan da ke ɗaure a bayan motarta.

"'Yata, wannan na tayar da mota ne. Firjin tirelar kwananku zai zuƙe shi kafin ku kai hamada."

"Batiri mai jure dogon aikin ya ƙare a shagon, Kawu."

"To ku sha lemonku da ɗumi mana! Mu da jiƙaƙƙen buhu muka saba sanyaya namu."

"Ba lemo ba ne. Allurar ciwon sukarin yaron nan ce."

Dattijon ya sosa gemu.

"Biyo ni gida a ciro batirin tirelata. Tun rasuwar matata tirelar ba ta motsa ba, ni dai caji nake ta yi masa."