Katin da Ke Aljihun Rigar Sanyi

A layin shagon fotokwafi a Farin Gada, Rabi ta riƙe wani tsohon katin asibiti da hannu biyu. Dattijon da ke bayanta, Emenike, ya leƙo.

"Hajiya, wannan riƙo sai ka ce gwal?"

"Katin maigidana ne, Oga. Allura aka yi masa ya rasu. Muka kai ƙara, asibitin suka rantse ba su san jikinsa ba ya karɓar maganin ba, aka ba su gaskiya. To ga shi likitansu ya rubuta da jan biro: kada a ba shi. Lauya zai roƙi kotu ta sake shari'ar."

"Allah ya jiƙansa. Ina kika samo shi?"

"Aljihun rigar sanyinsa, cikin akwatinsa."

Emenike ya girgiza kai. "Shekara talatin na yi aikin kotu. Alƙali zai tambaya, abu yana ɗakinki, me ya hana ki kawo shi tun farko?"

Rabi ta dubi katin da ke hannunta.

"Shekara huɗu ban buɗe akwatin ba. Ƙamshinsa na ciki, ina tsoron ya fita."

Dattijon ya ce, "Haka za ki faɗa masa. Kada ki ƙara komai."