Jijiyar Da Ke Ƙarƙashin Gyambon Baba

Auta: Salamu alaikum. Yaya, kina ji na?

Yaya: Wa'alaikumus salam. Auta? Ashe ana tunawa da mu! Ya aiki?

Auta: Alhamdu lillahi. Ya yaran? Ya maigidan?

Yaya: Duk lafiya lau. Ya Umma? Ya gwiwar Baba?

Auta: Gwiwa da sauƙi.

Yaya: To ya na ji muryarka wani iri? Kuma ƙarar mece ce wannan a bayanka?

Auta: Na'ura ce. Muna asibiti, Yaya. Baba ya yi aman jini shekaranjiya.

Yaya: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Shekaranjiya? Shi ne sai yau za ka...

Auta: Shi ya hana, wallahi. Tsaya ki ji. Ranar sun zura masa wata siririyar roba mai kyamara ta baki, suka ga gyambo a tumbinsa, amma ba su ga inda jinin ke... Yaya?

Yaya: Kana yankewa. Fita waje mana!

Auta: Na matso taga. Na ce yau an yi masa allurar wani koren ruwa, aka sake zura kyamarar da wani haske da ido ba ya gani.

Yaya: Hasken da ba a gani kuma? To me zai haska?

Auta: Ratsa bangon tumbin yake yi. Likitar ta nuna min hoton, jijiyoyin jini sun fito raɗau kamar saiwoyi. Ga wata nan kwance a ƙarƙashin gyambon. Sun matse ta, jinin ya tsaya.

Yaya: Alhamdu lillahi! Allah mun gode maka.

Auta: Amma ta ce in bai daina abin da ya cinye wurin ba, za ta sake fashewa. Ta yi ta tambayarsa ko yana shan maganin kashe ciwo, ya kafe a kan babu.

Yaya: Ai Baba ba ya ƙarya.

Auta: Umma ta ce kullum kafin ya karya sai ya haɗiyi ƙwaya biyu. In ta yi magana ya ce na 'yarsa ne.

Yaya: Na gwiwa? Wanda nake aiko masa?

Auta: Ya ɓoye kwalin, ya ƙi faɗin sunansa. Likita kuma sunan take so.

Yaya: Wayyo Allah. Ni na ce kar ya yi fashi, Auta. Kullum sai na kira na tuna masa.

Auta: Ai ba ki sani ba, Yaya.

Yaya: Akwai kwali ɗaya a jakata, na watan gobe. Yanzu zan turo maka hotonsa. Ba shi wayar.

Auta: Ya juya ya fuskanci bango.

Yaya: Kara masa a kunne, don Allah.

Auta: Tsaya, yana magana. Na'am, Baba? Wai in gaya miki gwiwa ta warke sarai, maganinki ya yi aiki, Allah ya yi miki albarka, kuma kar ki kuskura ki...

Yaya: Ka sake yankewa! Kar in me? Auta? Auta!