Ba a Gani Ba Aka Ce

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Kiyawa nake rubutowa, bana na gama jami'a.

Kawuna ya daɗe yana shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki. A gwajin baya aka ce ba a ga ƙwayar a jininsa ba. Ya yi sadakar waina, ya ajiye magani.

Na ce, "Kawu, ba a ce babu ba. Cutar tana ɓuya a cikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ta yi kwance, magani ba ya kashe ta a nan. In aka daina sha, takan farfaɗo."

Ya ce, "Ɗan nan, ka fi na'ura gani?"

Ba ya wuce shirin nan. Don Allah likitanku ya yi bayani, wataƙila ya ji daga bakin babba.