Shekarar da Muryar Ramlat Ta Ɗauke

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Kamaruddeen. Ranka ya daɗe Dagaci. Malam Liman da sauran malamanmu. Iyayenmu mata da ke zaune a inuwar darbejiya. Baƙinmu da suka taso daga Kano da Minjibir da Zakirai. 'Yan'uwana manoma da suka ajiye fartanya suka zo: barkanku da zuwa.

Sunana Khalilu Dabo, yayan Hajiya Ramlat Dabo, wadda kuka shekara ashirin kuna jin muryarta a rediyo, a shirin manoma na safiyar Laraba. Ina godiya ga waɗanda suka shirya ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarta, ina kuma ƙara godiya da suka kawo taron nan filin makarantar da ta yi firamare. An ce in faɗi abin da na koya a littafin. Karatuna na boko ba mai nisa ba ne, kwana tara na yi kafin na kai ƙarshe, amma akwai abubuwan da suka tsaya mini a rai.

Na farko, ranar da ta fara zuwa gidan rediyo neman aiki, sai mai gwajin ya ce mata, "Maganarki ta ƙauye ce, ba za ta shiga ba." Ta dawo gida tana kuka, ta tarar da Baba yana ɓarar gyaɗa. Ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "To, mu mutanen ƙauye ba mu da rediyo ne? Koma." Ta koma, aka sake korarta, ta sake komawa. A zuwa na uku aka ɗauke ta, kuma da maganar nan ta ƙauye ta yi suna. 'Ya'yanmu, ku riƙe wannan: kada kora ɗaya ta zaunar da ku.

Na biyu ya fi nauyi. Tana shekara goma sha biyu a bakin aiki, ƙari ya fito mata a maƙogwaro. Aka yi mata tiyata, aka yi nasara, amma murya ta ɗauke, likita ya ce wataƙila ba za ta dawo ba. Masu kiran waya suka daina kira, masu gayyata suka daina gayyata. Ta dawo gida, sai dai ta rubuta a takarda ta miƙa. A littafin ba ta ɓoye ba, ta ce ta yi fushi, ta yi wata biyu ba ta leƙa waje ba. Rannan Inna ta shiga ɗakin ta ce, "Ni ban iya karanta takardar nan taki ba. Tashi ki ɗauki ƙwarya mu tafi roron wake."

A gonar nan ta zauna cikin mata, ba bakin magana, sai kunne. Ta ji yadda suke adana wake da toka da barkono, ta ji wane iri ne yake jure ƙarancin ruwa, ta ji abin da yake damunsu in an kai kaya kasuwar Dawanau. Ta rubuta cewa, "Shekara goma sha biyu ina gaya wa manoma yadda ake noma, ban taɓa yin shiru na saurare su ba." Jama'a, jarrabawa ce, amma ba ta fito daga cikinta hannu biyu ba.

Wata goma sha ɗaya aka yi a haka. Ina ɗaurin gero a ƙofar gida sai na ji wata disasshiyar murya a bayana: "Yaya, akuya!" Na juya, ga akuya a kan dami, ga Ramlat dafe da wuya. Wallahi barin akuyar na yi ta ci ta ƙoshi.

Muryar ba ta koma kamar da ba, har yau a dishe take. Ta karɓe ta a haka, ta koma aiki, ta mayar da shirin ya zama manoma ne ke magana, ita tambaya kawai take yi.

Saura magana ɗaya, kuma tawa ce. Lokacin da sunanta yake tashe, Ramlat ta yi shekara shida ba ta tako garin nan ba, na kuwa riƙe abin a zuciya, ban taɓa faɗa mata ba. Ashe ta sani. A shafi na ɗari da huɗu ta nemi in yafe mata. Ni ban iya rubuta littafi ba, don haka a gabanku zan ba ta amsa. Ramlat, na yafe. Ke ma ki yafe mini, domin motar Kano kullum tana tashi daga Minjibir, ni ma ban hau na je na gan ki ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ƙara wa Inna lafiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.